Nacin Gambo Sawaba

Shiga kurkuku karon farko ba ya cika nuna zuciyar mutum. Sau da yawa zafin ƙuruciya ne, ko rashin sanin abin da ke bayan ƙofar. Wanda ya ci gabza, ya kwana da kuɗin cizo, ya sha tsawar ganduroba, aka sake shi, bai ko huta ba ya koma kan abin da ya kai shi ciki, shi ne ya cancanci a kira shi mai naci. Masu ba da tarihin Hajiya Gambo Sawaba sun ƙirga ɗauri 16 da ta sha.

An haife ta a 1933, uba mutumin Gana ma'aikacin jirgin ƙasa, uwa Banufiya, ta tashi a Zariya. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950. A lokacin Bature ba ya taɓa talaka da hannunsa; En'e ke karɓar haraji, 'yan doka su yi kamu, alƙali ya yanke hukunci. Maza da yawa ɓoye katin jam'iyya suke yi. Ita kuwa sai ta je Kano tana bi gida-gida, tana shiga wajen matan kulle tana yi musu zancen siyasa. Kotun alƙali ta ɗaure ta, aka kuma hana ta zaman garin. Ta fito ta ci gaba. Har Abekuta ta je ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ke tara mata.

Akwai masu cewa taurin kai ne kawai. To, mai taurin kai don kansa yake yi. Ita abin da ta kafe a kai bai canja ba: a daina aikin tilas, a bar yarinya ta yi karatu, a daina aurar da ita tana 'yar mitsitsiya (ita kanta tana da shekara 13 aka yi mata aure), a kuma ba mace ƙuri'a.

Inda nacinta ya fi ba ni mamaki shi ne bayan 1960. Bature ya naɗe tabarmarsa, an yi ta kiɗa da rawa, amma macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a, alhali takwararta ta Kudu ta yi zaɓe tun kafin 'yanci. Faɗa da baƙo ana yi maka tafi. Faɗa da na gida kuwa sunan da za a sa wa mace shi ne 'yar iska, mara kunya. Duka da ɗauri ba su tsaya ba. Mu da a yau ɗan siyasarmu ke sauya sheƙa don an hana shi tikiti, ya kamata wannan ya ɗan sosa mana rai.

Sai a 1976 aka ba matan Arewa haƙƙin jefa ƙuri'a, suka fito zaɓen ƙasa a 1979. Lokacin tana da shekara 46, tana cikin shugabannin jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, tana yawon neman ƙuri'ar matan da ta sha ɗauri saboda su.