Takardar Awon Jini, Ta Wa Ce?

'Yan'uwa, a zamanin kakanninmu, idan mace a Ƙofar Galadima cikin birnin Zariya ta yi ta binne 'ya'ya, sai a ce wabi take yi, a raɗa wa na gaba suna Ajuji ko mutuwa ta raina shi. Yanzu mun sani waɗansu cikin yaran nan amosanin jini ne ya ɗauke su, wato sikila.

Ciwon gado ne. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irinsa, wanda likitoci ke ce da shi AS, yana kuwa zaune lafiya. A 1954 likita Allison ya nuna irin nan yana tsare mai shi daga zazzaɓin sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasarmu. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, mai ciwon. Kowane ciki fa! Wani gida 'ya'ya shida su tsira duka, wani gida uku a jere su kamu.

Awon ba wuya, ana yinsa a asibitin Shika. Wuyar tana bayansa. A 2024 Jihar Kano ta kafa doka, ba a ɗaura aure sai da takardar awo, ikilisiyoyi da yawa kuma suna neman ta. Ba mu ƙi wannan ba, gama duk wanda ya kwana da yaro yana kukan ciwon ƙashi ba zai raina awo ba.

Amma takardar ta wa ce? In ta bi hannun dattawa da iyaye kafin ta kai ga masu ita, gobe an ji a bakin rijiya, a ce yarinyar “mai mugun jini” ce, alhali saurayin jininsu ɗaya, shi kuwa ba mai zancensa. In kuma aka ce dole a raba su, mun buɗe kasuwa ga masu takardun ƙarya. Likita lissafi ya faɗa, bai yanke hukunci ba.

A ganinmu, a yi awo da wuri, tun ba a kai gaisuwa ba balle lefe. A faɗa wa su biyun a ɗaki, ba a ɓoye musu wahalar jinya da kuɗin ƙarin jini ba. Sa'an nan fasto ya rufe bakinsa a waje, su kuma a ba su kwanaki su yi shawara.