Yabo ko gargaɗi: Wanne ne haƙƙin yaro mai ƙera jirgi a kan mu?

Mai karatu, yau ba sharhin fim na kawo maka ba. Wata tambaya ce ta tsaya mani a rai, na ce bari mu tattauna.

Kwanan baya na je ziyara Ƙanƙara, sai ƙanen wani aboki na ya fito da ɗan jirgin saman da ya haɗa da farin soson kwalin firij, da ƙaramar mota, da batir, da rimot. Ya tashe shi a bayan gari, yara su na bi su na ihu. Da ya sauko da shi sai ya ce, "Yaya, don Allah a buga ni a mujalla. Nan gaba mai injin jet zan yi." Na ce to. Har yau ban rubuta ba, kuma ga dalili.

Mu marubuta mu na son irin wannan labarin. Ka tuna 2007, lokacin da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa helikwafta da injin mota Honda Civic? Labarin ya zaga duniya, ko da yake jirgin bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Duk mun yi alfahari, kuma ya cancanta. Amma tsakanin ka da Allah, da ka ga hoton, ka tambayi kan ka wa ke tsaye kusa da farfelar?

A ƙasashen da wannan wasa ya kafu, yabo da ƙa'ida tare su ke tafiya. A Amurka akwai ƙungiyar AMA da aka kafa a 1936, mai buga mujallar Model Aviation. A dokar ta, ba ka tuƙa ƙaramin jirgi mai injin jet sai ka samu izini na musamman, bayan ƙwararru sun ga tuƙin ka. Dole na'urar kashe gobara ta kasance a kusa, kuma an hana wuce gudun mil 200 a awa. Ba tsanani ba ne: injin nan kananzir ya ke sha, ya na juyawa fiye da sau 100,000 a minti. Ko wanda ba jet ba ma ya na kisa. A 2006, a ƙasar Hungari, ƙaramin jirgin wasa ya kuɓuce wa mai tuƙa shi, ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum biyu su ka mutu.

To, a nan gida haɗarin ya ninka. A Ƙanƙara aka sace ɗalibai sama da 300 a ranar 11 ga Disamba, 2020. A Satumbar 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, saboda 'yan bindiga. Mutumin wannan yanki idan ya ji ƙugi a sama, ba wasa ne ke fara zuwa masa a rai ba, musamman bayan jirgin soja marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disambar 2023. Yaron nan ana iya ɗaukar sa ɗan leƙen asirin 'yan daji, su kuma 'yan dajin su ɗauke shi na hukuma. Kuma tun 2016 hukumar NCAA ta ce tashin jirgi marar matuƙi sai da izinin ta da na Ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. 'Yan fim masu ɗaukar hoto daga sama, ku ma da ku ake.

Na san abin da za ka ce: "Haba malam! Yaron da babu wanda ya taimake shi, sai ku tare shi da dokoki? Haka ake kashe basira." Ka na da gaskiya ta wani ɓangaren. Gargaɗin da ba ya nuna mafita, hassada ce ta sa rawani. Amma yabon da ya ɓoye haɗari shi ma rabin gaskiya ne. Idan na buga hoton sa kawai, wanda ya gani a Faskari ko Sabuwa zai kwaikwayi jirgin ne, ba zai san inda ya kamata ya tsaya ba. In farfela ta tsone wa wani ido, edita ba zai ce ba ruwan sa ba, domin shi ya zaɓi abin da za a gani da wanda za a rufe.

Don haka zan buga shi, in Allah ya yarda, amma a shafi ɗaya da waɗannan: kada a tashi jirgi a kan mutane, kasuwa ko makaranta, a nisanci sansanin jami'an tsaro da bakin daji, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda tukuna, a janye yara baya kafin a kunna, batun jet kuwa a jira sai an samu malami da izini.

Watakila ya ji haushi na. Ba komai. Na fi so bayan shekara goma in sake yin hira da shi, ya na injiniya, da yatsun sa goma cif.

Allah ya tsare mana su, amin.