Ladan Malami da Guzurin Ɗalibi

Tun kafin a aza tubalin jami'a ko guda a ƙasar Nijar, fuƙaha'u sun yi saɓani a kan ko ya halatta malami ya karɓi lada don ya karantar da Alƙur'ani. Magabatan Hanafawa suka ƙi, Imamu Malik ya halatta, Ibnu Sahnun na Ƙairawan kuwa, wanda ya rasu a 870, ya wallafa littafi a kan ladubban malamai inda ya yi bayanin abin da ya cancance su. A kan wannan fatawa kuɗin Laraba ya tsaya, wanda yaro yake kai wa malamin allo a ƙulle a bakin riga, ba kuwa wanda ya taɓa ɗaukarsa farashin sura: cefanen mutumin ne da ya bar gonarsa, ya zauna bisa buzu tun asuba saboda ƴaƴan wasu.

To, mas'alar ta sake zuwa mana ta wata ƙofa. A da, duk ɗan Malbaza ko Illela ko Birnin Ƙonni da ya ci bak, watau jarrabawar ƙarshen sakandare, sai dai ya nufi Yamai, inda karatun jami'a ya soma a 1971. Amma a 2010 hukuma ta kafa jami'a a Tawa, tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, bisa harsashin cibiyar koyon fasaha da ta riga ta, jami'ar Tawa ce yau take ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, ana kuwa karanta shari'a da tattalin arziki da gudanarwa da aikin gona da tarbiyya a cikinta. Wannan ni'ima ce, ba mai musu. Sai dai kuɗin rajista shi ne mafi sauƙin abin da ke jiran yaro, domin bayansa akwai hayar ɗaki ga wanda bai sami gado a masaukin ɗalibai ba, da abinci, da kwafin darussa, da kuɗin mota daga mararrabar Tsarnawa. Tallafin hukuma kuwa bai game kowa ba, in kuma ya yi jinkiri, uban da ke Galmi shi ne zai sayar da albasarsa da kaka, tana araha, alhali da ya zuba ta a rudu ya jira ƴan watanni da ta yi daraja.

Wa wannan nauyi ya hau kansa a shari'a? Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci da hisabi da noma da saƙa cikin farali kifaya, watau wajibin da in wasu sun tsaya da shi ya sauka daga kan saura, in kuwa aka rasa mai tsayawa, zunubin ya game gari baki ɗaya. Masana'antar siminti ta Malbaza tana bukatar mai riƙe lissafi bisa amana, gonakin ban-ruwa na Ƙonni suna bukatar wanda ya san ciwon ƙasa da na iri. Idan har samuwar waɗannan wajibi ce a kan jama'a, to, ni ban ga ta inda za a ce guzurinsu wajibi ne a kan mahaifinsu shi kaɗai ba, tun da ƙa'idar malaman usulu ce cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Mai ja zai ce ai albashin na ɗalibin ne, ba na jama'a ba, kuma maganarsa tana da ƙarfi, don mun ga waɗanda aka karantar da harajin talaka, suka dawo suna neman goro a hannunsa kafin su sa hannu a takarda. Amma abin da wannan ya tabbatar shi ne akwai bashi a wuyan mai shahada, bai tabbatar da a ƙyale ɗalibi da yunwa ba. Ga abin koyi ga mai shahada: Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya miƙa masa zinariya a Magami, ƙin karɓa ya yi, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sassauta wa talakawa haraji.

Baitulmali shi ne farkon wanda za a tambaya, amma ba shi kaɗai ba. Ɗalibi matalauci yana cikin masu cin zakka saboda talaucinsa, ƙofar waƙafi kuma a buɗe take. Attajiran Ƙonni da dillalan albasa na Galmi, waɗanda ba su gaza gina masallatai ba, suna da ikon sayen gida guda a Tawa, su tsayar da shi waƙafi ga ƴaƴan manoman yankinsu, maza da mata, kowa da ɓangarensa, su kuma naɗa amintacce mai kula da shi.