Maƙwabcin da Ba a Haifa Ba Tukuna

Ran nan na kai babur ɗina a yi masa juyen mai a wani gareji a Garwa. Yaron makaniki ya tare baƙin man a cikin tsohuwar tasa, da ya gama sai ya je ya tuttular da shi a lambatu. Na gani da idona, na biya kuɗina, na hau na tafi. Sai da dare abin ya dawo mini. Lambatun nan ina ya nufa? Idan ruwan sama ya sauko, duk abin da ke cikinsa Binuwai zai gangara, kuma da damina ne tarwaɗa da 'yan'uwanta suke fantsama cikin fadamu su zuba ƙwai.

Akwai wani ɗan kifi na ƙoramun Indiya da Bangaladash, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, jikinsa da zane kamar na jakin dawa. Masana kimiyya suna kiwonsa domin ƙwansa garau yake kamar gilashi, ana ganin abin da ke faruwa a ciki. Cikin kwana ɗaya zuciyar ɗan tayin ta fara bugawa, cikin kwana 2 ko 3 ya ƙyanƙyashe. A shekarar 2013 aka nuna cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gādon ɗan Adam suna da takwara a jikin wannan kifi. Abin ya isa ya sa mai girman kai ya sunkuyar da kai.

A shekarar 1989 jirgin ruwa mai suna Exxon Valdez ya yi karo da dutse a Alaska, ɗanyen mai fiye da lita miliyan 40 ya malala cikin teku. Kifayen da aka ƙyanƙyashe a wurin suka riƙa fitowa a nakashe. A 2004 John Incardona da abokan aikinsa a Amurka suka sa ƙwan wannan ɗan kifi cikin ruwa mai ɗauke da sinadaran da ake kira PAH, suka zuba ido. Sinadaran suna fara taɓa zuciya ne. Bugunta ya ragu, ya rikice, ruwa ya taru kewaye da ita, ƙashin baya ya lanƙwashe, muƙamuƙi ya tsumbure. Dafin kuwa ba sai ya yi yawa ba. Ruwan da ido zai ce tsabtatacce ne yana iya ɗauke da abin da ya isa. Waɗannan sinadarai suna cikin baƙin mai, suna cikin hayaƙin inji, da hayaƙin tayar da ake ƙonawa don babbaka, da na itacen da ake banda kifi da shi.

Kifi ba mutum ba ne, kada a ce na ce haka. Amma binciken da Frederica Perera ta jagoranta a birnin New York ya bi mata masu juna biyu da suka shaƙi irin wannan hayaƙi da yawa, ya kuma ga alamar cewa abin yana taɓa girman jariri da kaifin basirarsa daga baya.

To, ga tambayar, 'yan'uwa. Wanda ya cuci wanda bai gani ba, bai san shi ba, ba a ma haife shi ba, ya yi zunubi? Mu dai mun saba auna laifi da niyya. Yaron makaniki bai ƙulla kowa a zuci ba. Mai sayar da zuwa-zuwa a kwalba bakin titi abincin gidansa yake nema, kuma tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023 ribar ta ƙara ƙanƙancewa. Matar da ke banda kifin Lagdo, ita ce ta fi kowa shan hayaƙin, wani lokaci da goyo a baya da ciki a gaba. Wanda zai tsaya a kan bagade ya la'anci waɗannan, bai taɓa kwana da yunwa ba.

Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai bar mu mu ɓuya bayan rashin niyya ba. A Littafin Firistoci sura 4 an tanadi hadaya domin laifin da mutum ya yi ba da saninsa ba, ana kuma bukatarta ne a ranar da laifin ya bayyana gare shi. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ku lura, ranar da ake ginin babu wanda ya faɗo. Mai yiwuwa wanda zai faɗo ɗin uwarsa ma ba ta yi aure ba. Amma an riga an ɗora wa mai gida nauyinsa.

Saboda haka a ganina nauyin yana bin sani da iko. Tsakanina da yaron nan, ni ne na yi karatu, ni ne mai kuɗin babur, ni ne kuma na ga man yana kwarara na yi shiru don ina sauri. Sama da ni akwai masu manyan motoci da hukumomin gari, waɗanda ke da ikon tanadar wurin tara baƙin mai. A ikkilisiyoyinmu akwai makanikai, da masunta, da malaman asibiti, suna zaune a benci ɗaya kowace Lahadi, amma ban taɓa jin wannan magana ta haɗa su ba.

Na koma garejin da jarka a mako na gaba. Maigidan ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "Baba, in jarkar ta cika, ina za mu kai ta?" Na ce a ajiye ta a inuwa a rufe bakinta tukuna, zan kai maganar gaban dattawan ikkilisiya ran Lahadi.