'YAR TSANA A HANNUN YARON DA YA FIRGITA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Mutanen Gwaram ba su manta da watan Afrilun 2014 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ofishin 'yan sanda, aka rasa rayuka. Haka ba mu manta da ambaliyar 2022 da ta rushe gidaje a Jigawa ba. Mu manya mun yi ta'aziyya, mun yi jaje. To yaran da suka ji harbi ko suka ga ɗaki ya faɗi fa, wa ya lallashe su? Sau tari sai tsawa: "Rufe min baki!"

A ajinmu na Islamiyya muna ganin alamun. Yarinya mai ƙoƙari ta daina magana, ta koma fitsarin kwance, ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Wannan ba iskanci ba ne, firgici ne, kuma bulala ƙara shi take yi.

A Amurka da Ingila wasu 'yan sanda kan ajiye 'yan tsana masu laushi a motocinsu. In sun iske yaro a wurin haɗari ko gobara, sai su durƙusa su miƙa masa, ya rungume har hankalinsa ya kwanta.

Kada ki ce al'adar Turawa ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), bai hana ba; da wannan malamai da yawa suka halatta su ga yara. Rubayyi'u bintu Mu'awwiz (RA) ta ce sukan yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in sun yi kukan yunwa a ba su. Kuma da tsuntsun Abu Umair, ƙanen Anas, ya mutu, Annabi da kansa ya ja shi da wasa yana tambayarsa labarin tsuntsun.

Don haka, uwargida, in ɗanki ya ga abin tashin hankali, ki rungume shi, ki saurare shi, ki yi masa addu'a, ki ba shi abin riƙewa. In abin ya daɗe, a kai shi asibiti.

Shawara kuma ga rassanmu na Birnin Kudu da Gwaram: ƙyallayen da ke zube gun tela, mu tara, mu ɗinka, mu cusa auduga. Mu nemi izinin kai su ofishin 'yan sanda da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, saboda yaron da ya ɓata ko wanda aka ciro daga haɗarin mota.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kiyashe mu tashin hankali, amin. Wassalam.