Gidan da Aka Gina da Hannu Biyu

Ranar kwashe kayan sakakkiya al'ada kan yanke hukuncinta a gaban kowa. 'Yan'uwanta mata su zo da mota, a fitar da gado da katifa da kwanukan jere, a bar ɗaki fayau. Abin da ta zo da shi daga gidan ubanta nata ne, haka ma sadakinta, gida kuwa na miji. A zahiri rabon ya yi daidai, domin a fiƙihun Malikiyya aure ba ya cakuɗa dukiyar miji da ta mata. Idan ma gardama ta tashi a kan kayan gida, alƙali kan ba mace abin da aka saba na mata ne, namiji kuma na maza, bisa rantsuwa.

To amma, mai karatu, dubi matar da ta shekara 20 tana soya ƙuli-ƙuli tana zuba adashi. Ranar da ta kwasa, ta miƙa wa miji ya sayi kwanon rufi, ba takarda ba shaida, don kunya ba za ta bari ba. Ta sha cike giɓin cefane da ribar sana'arta, alhali ciyarwa wajibinsa ce, shi kuwa rarar da ya samu ya zuba a bulo. Takardar fili sunansa kaɗai ta ɗauka. Shin gidan nan nasa ne shi kaɗai?

Wasu za su ce ai kyauta ta yi, kuma in aure ya koma ciniki, kowace ƙwaryar tuwo sai an rubuta ta. Maganar na da ƙarfi. Sai dai ba don Allah-wadai ta bayar ba, ta bayar ne tana sa ran a ƙarƙashin rufin nan za ta tsufa. Malaman Malikiyya kansu sun ce matar da ta yi wa miji kyauta don zama ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, tana iya karɓar abinta. A ganina tsawon shekaru bai kamata ya shafe haƙƙin ba, tun da ga gidan nan tsaye.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A ƙarni na 16 Ibn Ardun, malamin Malikiyya a arewacin Maroko, ya ba da fatawa cewa matan karkara da ke noma tare da maza suna da rabo a amfanin guminsu. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta bar wa kowa dukiyarsa, amma ta yarda ma'aurata su rubuta yadda za a raba abin da aka tara cikin aure. In babu rubutu, alƙali ya dubi wahalar kowannensu.

A nan gida lamarin ya fi sarƙewa inda akwai kishiyoyi. Uwargida ce ta sa kuɗin rufi, amarya ta tarar da gini a gama, ga 'ya'yan kowa a ciki. Sayar da gida zai cuci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Abin da zai yiwu shi ne dattawan ɓangarori biyu su ƙiyasta abin da ta zuba, ya zama bashi a wuyan miji, ya fara biya tun tana idda a ɗakinta, inda Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita.