Ƙololuwa Ko Abokin Tafiya?

Dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, shi ne mafi tsayi a ƙasarmu, mita 2,419. A ce mun yi kwanaki muna bin doron tsaunin nan, ciyawa shar, kwari dama da hagu, har ƙololuwa ta bayyana, sai numfashin ɗayanmu ya gaza, ya zauna. Shin mu wuce, ko mu juyo da shi?

Zuciya za ta raya mana cewa wahalar da muka sha ta ba mu damar ƙarasawa. Amma tun daga gindin dutsen muka ɗauki amanar juna, kuma da ruwan gorarsa muka jiƙa maƙoshi jiya. Inda hazo da sanyi ke saukowa ba sallama, barin gajiyayye shi kaɗai wasa ne da ransa.

Dutse ba ya ƙaura, baɗi ma yana nan. Rai kuwa in ya tafi, ya tafi ke nan. Wanda ya taka ƙololuwa ya yar da amana a hanya, tsawo ya samu, amma mutuncinsa a ƙasa ya baro shi.